Daga Fadamun Haɗeja Zuwa Teburan Kano: Abincin Ƙasashen Waje Da Masu Cin Ribarsa

Tun kafin a kira assalatu motocin kayan gwari kan yi layi a bakin kasuwar 'Yankaba da ke kan titin Haɗeja a birnin Kano. A lokacin noman rani, da yawansu daga kwarin kogin Haɗeja suke tasowa: Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da ƙauyukan da ke kewaye da Malam Madori. Sukan yi tafiyar dare, su biyo ta Gujungu da Gezawa, su iso da ƙurar hunturu a jikin tamfol. 'Yan dako na sauke kwandunan tumatir da buhunan tattasai da attaruhu da albasa, dillalai kuma na ta tayi da albarka.

Cikin masu saye akwai 'yan kiri da za su kasa kayan a unguwanni. Akwai kuma masu yi wa manyan gidajen abinci cefane, waɗanda ba sa ɗaukar tumatirin da ya fashe ko tattasan da ya yanƙwane, sai sun zaɓa sun darje.

In dare ya yi, tumatirin nan zai bayyana a kan fizar Italiya a unguwar Nasarawa, tattasan ya shiga soyayyar shinkafa irin ta Sin a Bompai, albasar kuma ta narke a cikin biryani ko mandi. Manomin da ya kwana yana ban ruwa ba zai gane kayansa a kan farantin ba. Kuɗin farantin nan guda ɗaya kuwa yana iya zarce abin da aka biya shi a kan kwando sukutum a lokacin da kaya suka yi araha.

Zagayen duniya a dare ɗaya

Ana ƙiyasta mutanen birnin Kano da kewayensa sun haura miliyan 4. Wanda ya taso daga Malam Madori da hantsi, tafiyar sa'o'i uku ko kusa da haka, yana iya ɗanɗana girkin ƙasa huɗu ko biyar kafin ya kwanta, in dai aljihunsa zai ɗauka.

Nasarawa da Bompai, tsofaffin unguwannin Turawan mulki, nan ne manyan otal-otal da gidajen abincin mutanen Labanon da Indiya da Sin suka fi yawa. A wajen mutanen Labanon akan fara jera ƙananan kwanoni kafin a kawo nama: hummus, wanda ake markaɗa wani irin wake da riɗi da lemon tsami da tafarnuwa, tabbule, haɗin ganye da tumatir da tsakin alkama, da falafil, wanda duk Bahaushen da ya gutsura zai ce ƙosan Larabawa ne. Sai gasasshen nama a tsinke da burodi mai faɗi mara kauri.

A wajen Indiyawa, ƙamshi ke fara yi wa mutum maraba: kurkum, hulba, kirfa, kanumfari da masoro. Ana gasa kaza da burodi a jikin tanderun laka, a dafa doguwar shinkafar basmati da nama hawa-hawa. Sinawa kuma aikinsu na wuta mai ƙarfi ne da kasko mai zurfi. A yanka komai ƙanana, a juya shi na 'yan mintuna, a sauke tun ganyen bai mutu ba.

Titin gidan Zu na matasa ne. Da an idar da magariba fitilu za su kama, tarin nama na juyawa a jikin ƙarfe a gaban wuta, ana yanka ana naɗe shawarma. Ga baga, ga fiza, ga askirim. A Sabon Gari kuma, ban da sakwara da amala da farfesun mutanen kudu, akwai girkin baƙi daga ƙasashen gaɓar tekun Afirka ta Yamma. A bakin ƙofofin manyan gidaje, Buzaye masu gadi na hura gawayi a ƙarƙashin 'yar buta, suna dafa shayinsu mai kumfa.

Kano ta daɗe tana karɓar baƙon girki

Mai ganin fitilun titin gidan Zu zai ɗauka jiya aka fara. Tarihi ya nuna ba haka ba ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma aka kafa kasuwar Kurmi a lokacinsa, ayarin raƙuma ke ratso Sahara zuwa Kano. Larabawan Turabulus da Gadamas sun zauna a cikin birni, a unguwanni irin su Dandalin Turawa, suka yi aure, suka hayayyafa, suka kuma kafa tukwanensu.

Ta wannan hanya girkin alkama ya kafu a gidajen sarauta da na attajirai. Gurasa, alkubus, alkaki da taliyar murji duk suna da dangi a arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa. Yau babu wanda zai kalli mai tallar gurasa a Jakara, ko mai haɗa bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ya ce abincin waje yake sayarwa. Amarya ma ba a cika kai ta ɗaki ba tare da alkaki a cikin gara ba.

Lokacin da Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar da kayan Turai a kasuwa, har da sukarin da aka kawo daga birnin Marsai na Faransa. Tun kafin nan ma tukunyar Bahaushe ta riga ta karɓi baƙi daga nesa. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono da dankali duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne, sun shigo Afirka bayan shekarar 1500 ta hannun jiragen ruwan Turawa, musamman na Fotugal. Miyar da ake zuba wa tuwo a Malam Madori yau, in aka cire mata waɗannan, sai a koma ga kuka da daddawa da kuɓewa da citta.

Ko ɗunƙulen da ke neman ture daddawa daga madafi, Maggi, asalinsa Suwizalan ne. Farin magi kuwa ƙirƙirar Jafan ce.

Jirgin ƙasa, gyaɗa da Kwarori

Babban sauyi na biyu ya zo ne a kan dogo. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka kwararo. An kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikatan da suka zo daga kudu da wasu ƙasashe. Mutanen Siriya da Labanon, waɗanda Hausawa ke kira Kwarori, suka kafa shaguna a Fagge, inda Kantin Kwari yake a yau. Har yanzu akwai titin Beirut a birnin.

A 1930 aka ƙarasa shimfiɗa dogon daga Kano zuwa Nguru, ya ratsa Ringim, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa. Tashar jirgin ce ta ɗaga Malam Madori, domin ta nan masarautar Haɗeja ke fitar da gyaɗa da fatu zuwa Kano, daga can a wuce da su bakin teku. Kamfanonin Turawa da 'yan kasuwar Labanon sun buɗe kantuna da ma'auni a tashoshin da ke kan wannan layi. Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ke komowa da sukari, ganyen shayi, madarar gwangwani, fulawa da kifin gwangwani. Teburin mai shayi, wanda yanzu babu tashar motar da ba shi, jikan wancan ciniki ne.

Kwarori da Turawa sun ɗauki 'yan ƙasa aikin kuku a gidajensu da kulob-kulob ɗinsu. Waɗannan kukun su suka fara koyon gashin burodi, haɗa salak da naɗa nama a cikin gurasar Larabawa. Da wasunsu suka bar aiki, sai suka fita da ilimin zuwa otal-otal da bakin titi.

Indiyawa, Sinawa da alhazai

Indiyawa sun shigo ta fuska uku. Akwai 'yan kasuwa irin kamfanin Chellarams da ya fara harka a Najeriya tun 1923. Akwai malaman makaranta da likitoci da suka cika makarantun sakandare da asibitocin Arewa a shekarun 1970 da 1980, abin da dattawan Haɗeja da Gumel da suka yi karatu a lokacin ba su manta ba. Sai kuma finafinan Indiya da suka mamaye gidajen sinima tun shekarun 1950, suka sa Bahaushe ya saba da sunayen girkinsu tun bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Sinawan farko masu masana'antu ne da suka zo daga Hong Kong a shekarun 1960, suka kafa kamfanonin kwanon sha da robobi a Kano. Daga wajen 2000 kuma sai ga sabon rukuni na masu cinikin atamfa da yadi a Kantin Kwari, da ma'aikatan kamfanonin gine-gine. Gidajen abincinsu na farko don kansu suka buɗe, daga baya 'yan gari suka fara leƙawa.

Amma babu hanyar da ta fi tasiri a kan harshen Bahaushe kamar ta Makka. A da, masu tafiya aikin hajji a ƙasa sukan shekara a Sudan, su dawo da sanin ful da kisra. Da jirgin sama ya karɓi aikin, dubban alhazai da masu umara na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da na Dutse kowace shekara, su dawo suna labarin kabsa da shinkafar bukhari da kazar Albaik. Mandi, girkin mutanen Yaman da ake dafa naman rago da shinkafa a cikin rami, ya sami karɓuwa cikin sauri, kuma dalilin a fili yake. Nama ne da shinkafa, halal ne babu tantama, ana zuba shi a faranti ɗaya, a zauna a ƙasa a sa hannu tare. Wannan shi ne yadda Bahaushe ya saba ci tun fil azal.

Me ya sa abin ya bunƙasa yanzu?

Dalili na farko shi ne tafiye-tafiye. 'Yan kasuwar Kwari da Singa da Wambai na zirga-zirga tsakanin Dubai, Santambul, Alƙahira da Guangzhou. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Kano ta tura ɗalibai masu ɗimbin yawa karatu ƙasashen waje. Jigawa ma ta tura nata karatun likitanci Sin da Sudan, da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 kuma aka mayar da wasu tsibirin Saifurus. Duk wanda ya yi shekaru a wata ƙasa, ko bai dawo da komai ba zai dawo da kwaɗayin wani girki.

Na biyu shi ne manyan kamfanonin abincin gaggawa. Mr Bigg's ya fara a 1986, Chicken Republic a 2004, KFC ya shigo Legas a 2009, Domino's kuma a 2012. Su suka koya wa jama'a tsayawa a gaban kanta a zaɓi abinci daga hoto. Buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014 ya mayar da fita cin abinci wani ɓangare na yawon sallah.

Na uku shi ne wayar hannu. A Instagram da TikTok da WhatsApp mata na koyon girkin Turkiyya da na Indiya daga ɗakunansu, wasu kuma sun mayar da shi sana'a. Suna yin sambusa da kek da sauran kayan maƙulashe, a yi oda ta waya, ɗan babur ya kai. A watan azumi wannan kasuwa ba ta barci. Shirye-shiryen girki na talabijin, irin su Akushi Da Rufi na tashar Arewa24, sun ƙara wa abin armashi.

Na huɗu, al'ada ce ta sassauta. A da, gidan tuwo na matafiyi ne da gwauro da ɗan ci-rani. Magidancin da aka gani yana cin abinci a waje, sai a fara tambayar ko lafiya a gidansa. Yanzu mutum kan kwashi iyalinsa ya fita da su ranar Juma'a ko Lahadi, samari kuma sun ɗauke wani ɓangare na zance daga zaure zuwa teburin gidan abinci.

Baƙo sai ya bi ta hannun ɗan gari

Duk girkin da ya shigo Kano sai ya canza kama kafin ya zauna. Shawarmar Beirut tana tafiya ne da miyar tafarnuwa ko ta riɗi da ɗan tsami. Ta Kano kuwa an cika ta da kabeji da bama da sosej, sannan a tambayi mai saye: "A sa yaji?" Kusan kowa amsarsa ɗaya ce. Fiza ta karɓi tsire da attaruhu. Soyayyar shinkafar Sin ta sha kori da hanta da karas, har ta zama abincin biki da Basine ba zai ce nasa ne ba.

Addini shi ne ma'auni na farko. Mai shiga gidan abincin baƙi yana son ya tabbata wane ne ya yanka naman, kuma babu alade ko giya a cikin girkin. Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, aka kuma kafa hukumar Hisbah a 2003, duk mai son kasuwar cikin gari ya san dole ya kiyaye wannan. Shi ya sa girkin Larabawa da na Turkiyya suka fi saurin shiga, na Gabashin Asiya kuma ke tafiyar hawainiya, ko da masu shi sun ɗauki Musulmi aikin yanka da girki.

Wanda ya fi kowa nasara a cikin baƙin nan ba a babban otal yake ba. Indomie ce, taliyar ƙasar Indonesiya, wadda aka fara shigo da ita a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka buɗe wata a Kaduna. Yau a bakin tashar Malam Madori, "indomi biyu da ƙwai" magana ce da kowane mai shayi ke ji tun safe har dare. Yaran da suka taso da ita da yawa ba su san daga wata ƙasa ta zo ba.

Tsada ta raba masu ci

Daga tsakiyar 2023 lissafin masu gidajen abinci ya rikice. An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, aka saki naira ta nemi darajarta a watan Yuni. Dalar da ake canzawa a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin shekara guda. Hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A watan Afrilun shekarar kuma kuɗin wutar lantarki na manyan masu amfani da ita ya ninka fiye da sau uku.

Gidan abincin baƙi ya fi kowa jin wannan, domin rabin kayansa da dala ake sayo su: cukun fiza, man zaitun, basmati daga Indiya da Pakistan, ruwan waken suya na girkin Sin, da kayan ƙamshin da ba a nomawa a nan. Ga firji da na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa, ga janareta mai shan dizal. Rufe reshen Shoprite na Kano a farkon 2024 ya nuna yadda kasuwar masu matsakaicin hali ta yi sanyi.

Mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000 ne tun 2024. Fita ɗaya ta mutum da matarsa da 'ya'ya uku zuwa babban gidan abinci tana iya lashe fiye da rabin wannan. Saboda haka kasuwar ta rabu biyu. A sama akwai wuraren da attajirai da manyan ma'aikata da baƙi ke zuwa. A ƙasa akwai rumfunan shawarma da baga na bakin titi, waɗanda suka rage nama suka ƙara kabeji domin farashin ya tsaya inda ɗalibi zai iya. Irin waɗannan rumfuna yanzu sun isa Dutse da Haɗeja.

Masu yabo da masu kuka

Masu goyon baya na kallon aikin yi. Kowane gidan abinci na ɗaukar masu girki, masu kai abinci tebur, masu wanke-wanke, masu gadi da 'yan babur. Da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne daga Jigawa da Yobe da Katsina. Yaron da ya fara da wanke faranti, in yana da ido, cikin 'yan shekaru zai iya naɗa shawarma da gasa kaza, ya koma garinsu ya kafa tebur nasa.

Dattawa kuwa kukansu shi ne gida. Suna ganin 'yan mata na tasowa sun iya kek ba su iya tuƙa tuwon dawa ba, ba su san yadda ake turara dambu ko dama fura ba. Suna kuma ganin cin abinci a akushi ɗaya, inda yaro ke koyon ladabi da haƙuri da barin nama ga babba, yana ja da baya. Malamai na ƙara da gargaɗi a kan almubazzaranci da gasar nuna abin da aka ci a waya alhali maƙwabci bai ɗora tukunya ba.

Likitoci nasu batun daban ne. Hawan jini da ciwon suga na ƙaruwa a birane, kuma abincin gaggawa cike yake da gishiri da mai da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Shawarma mai sosej da lemon kwalba da soyayyen dankali na iya cinye kaso mai yawa na wannan a zama ɗaya. Sai dai masana abinci na tunatarwa cewa girkin Labanon na asali, mai wake da ganye da man zaitun, yana cikin masu lafiya. Abin da aka ƙara masa a hanya ne ke jawo matsala. Akwai kuma batun tsafta da adana nama da bama a garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, wuta kuma ba ta tsayawa.

Riɗi, zoɓo da alkama

Ga mutumin kwarin Haɗeja, babban abin lura yana cikin madafin waɗannan gidajen abinci. Jigawa na sahun gaba a noman riɗi a Najeriya, riɗi kuma na cikin manyan amfanin gonar da ƙasar ke fitarwa waje. Daga gonakin Malam Madori, Kaugama, Gagarawa da Gumel ake tara shi, a kai Maigatari ko kasuwar Dawanau a Kano, a tace, a loda zuwa Jafan da Sin da Turkiyya. A can ake matse mansa, ko a markaɗa shi ya zama tahina, wadda ita ce ruhin hummus da alewar Larabawa. Sau da yawa kwalbar tahinar da kukun Kano ke buɗewa daga waje aka shigo da ita, da farashin dala.

Haka zoɓo. Jigawa na cikin manyan masu nomansa, Meziko kuma na cikin manyan masu saye, domin can ma abin sha ake yi da shi. Busasshe yake fita a buhu, ribar sarrafawa da ƙullawa ta tsaya a wata ƙasa.

Alkama ce ta fi ban takaici. Shawarma, fiza, baga, taliya da burodin mai shayi duk fulawa ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake sayo ta, miliyoyin tan a kowace shekara. An taɓa hana shigo da ita daga 1987 zuwa 1992, abin bai ɗore ba. Alhali fadamun Haɗeja na cikin 'yan wuraren da sanyin hunturu ke ba alkama damar yin kyau. A farkon 2023 aka ƙaddamar da aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo, mai faɗin hekta kusan 6,000, a ƙarshen shekarar kuma a yankin Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya.

Manoman yankin na da nasu ƙalubalen: ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, tsuntsayen jan-baki, ambaliya irin ta 2022, da tsadar taki da man injin ban ruwa. Tumatir kuma ba ya jira. Babu isassun ɗakunan sanyi, don haka in kaka ta yi, ko a sayar yadda dillali ya taya, ko a yanka a shanya a ƙasa.

Namu ma yana tafiya

Hanyar ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Fataken Hausa da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja sun bar girkinsu a zangunan Gana. Koko da ƙosai su ne karin kumallon Akra da Kumasi, tuwo da shinkafa da wake sun zama abincin ƙasar. Tsire ya kai Legas da Duwala da Landan da biranen Amurka. Kilishi na cikin tsarabar da matafiya ke nema. Sanagal ta kai girkinta na shinkafa da kifi, wanda ake dangantawa da asalin dafa-duka, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2021.

A Kano ma an fara ganin gidajen abinci na zamani da ke jera masa da sinasir da miyar taushe da dambun nama a faranti mai kyau, a wuri mai tsafta, da farashin da ya yi kafaɗa da na baƙi. Shagunan fura da yogot na zamani sun nuna cewa matasa ba ƙin abincin gida suke ba. Abin da suke biya a wajen baƙi, ban da ɗanɗano, ya haɗa da tsafta da wurin zama da mutunta mai saye. Kifin Haɗeja, wanda kasuwarsa ta yi suna har kudancin ƙasar, bai sami irin wannan gata ba tukuna. Ana banda shi a tura wasu garuruwa, alhali manyan gidajen abinci na dafa daskararren kifin teku.

Abin da ya rage ga kwarin Haɗeja

Cin abincin ƙasashen waje a Kano ba zai tsaya ba. Birnin da ya mayar da gurasa da taliya da shayi nasa zai yi wa shawarma da mandi haka nan. Tsada na iya rage masu zuwa manyan wurare, amma rumfunan bakin titi za su ci gaba da yaɗuwa har ƙananan garuruwa.

Tambayar da ta shafi Malam Madori da maƙwabtanta ita ce a wane mataki kayansu ke barin hannunsu. Tsadar dala da ta takura masu gidajen abinci ita ce kuma ta buɗe ƙofa, domin kowane kuku yanzu yana neman abin da zai maye na waje. Markaɗa riɗi ya zama tahina ba ya buƙatar katafariyar masana'anta, injin niƙa mai kyau ne da tsafta da rajistar hukumar NAFDAC. Haka busar da tumatir a kan raga maimakon ƙasa, da ƙulla zoɓo, da sarrafa madarar Fulanin fadama ta zama cuku. Ƙungiyar manoma da ta ƙulla ciniki kai-tsaye da gidajen abinci goma a Kano, ta riƙa kai musu kaya zaɓaɓɓu a kan lokaci, ta rage hannayen da ke tsakanin gona da tukunya.

Makarantun yankin, irin su kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, suna da rawar takawa wajen koyar da sarrafa abinci da girki a matsayin sana'a mai takarda. Gwamnati kuma nata shi ne wuta da hanya da ɗakunan sanyi da rance mai sauƙi. Shekaru kusan 100 ke nan tun da dogo ya iso, yankin na fitar da amfanin gonarsa ɗanye a buhu yana sayen sarrafaffe da tsada. Gyaɗa ta tafi a haka. Riɗi da alkama da zoɓo su ne dama ta biyu, kuma a wannan karon masu saye ba a bayan teku kaɗai suke ba, suna nan Kano, tafiyar sa'o'i uku.